Wasan Halin Kirki: Yadda Wani Aji Huɗu a Kansas Ya Daina Surutu

A ƙarshen shekarun 1960, a wata makarantar firamare da ke jihar Kansas ta Amurka, akwai wani aji huɗu mai yara 24 da ya zame wa malamarsa alaƙaƙai. Bakwai daga cikin yaran an sha tura su ofishin shugaban makaranta kan laifuffukan da duk wanda ya taɓa riƙe alli ya sani: tashi daga kujera ba izini, surutu, hayaniya, ƙin yin abin da aka sa su. Shugaban makarantar da kansa ya shaida cewa matsalar ta wuce ta yara bakwai, ajin ne gaba ɗaya ya rikice.

Mutum uku suka haɗu a kan lamarin: Muriel Saunders, malamar aji huɗu, Harriet Barrish, ɗalibar babban digiri a Jami'ar Kansas, da malaminta Montrose Wolf, masanin halayyar ɗan Adam. Dabarar da suka tsara suka sa mata suna wasan halin kirki, suka buga sakamakonta a 1969. Lamarin ya cancanci a zauna a duba shi da kyau, domin ba a kashe ko kwabo ba, kayan aikin allo ne da alli, kuma an auna halin ajin kafin a fara da bayan an fara. Daga baya an kai dabarar birnin Baltimore na Amurka da Sudan da Ingila, wani wurin ta yi aiki sosai, wani wurin ta ba da kunya, kuma dalilan hakan suna da amfani ga kowane malami.

Abin da aka tarar a ajin

Kafin a taɓa komai, masu sa ido sun riƙa zama a ajin lokacin darasin lissafi da na karatu. Sun raba lokacin minti ɗaya-ɗaya. Idan a cikin minti guda wani yaro, ko da mutum ɗaya ne, ya yi magana ba izini, sai a yi wa wannan mintin alama. Haka ma idan wani ya tashi daga wurin zamansa. Da aka haɗa lissafi, a darasin lissafi kusan kashi 96 cikin 100 na mintunan an yi surutu a cikinsu, kusan kashi 82 kuma wani yana tsaye ko yana yawo. Wannan adadi ba yana nufin kusan dukkan yaran ne masu surutu ba. Abin da yake nufi shi ne da ƙyar malamar take samun minti ɗaya cikakke da za ta yi bayani ba a katse ta ba.

A irin wannan aji, yaro mai natsuwa ba a ganinsa. Idon malama da bakinta suna kan wanda ya miƙe. Sunansa ake kira, shi ake kallo, abokansa kuma dariya suke yi masa. Wadda ta buɗe littafinta tun farkon darasi tana aiki, har a buga ƙararrawa babu wanda ya ce mata sannu. Yaro kuwa ba ya buƙatar a gaya masa inda riba take, da kansa yake ganewa.

Tsarin wasan

Malamar ta raba ajin gida biyu bisa layin kujeru. Ta bayyana musu dokoki filla-filla, dukkansu a kan abu biyu: tashi da magana. Ba a tashi sai da izini, ba a zama a kan tebur, ba a jan kujera zuwa wurin maƙwabci, ba a magana sai an ɗaga hannu an ba da dama, ba a kiran sunan malama daga zaune, ba a yin ƙara da baki. Duk wanda ya saɓa, sai ta ja zane ɗaya a allo ƙarƙashin sunan rukuninsa, ta ci gaba da darasi.

Ga inda hikimar take. Ba lallai sai rukuni ɗaya ne zai ci ba. Wanda ya fi ƙarancin zane ya ci, amma idan babu rukunin da ya wuce zane biyar, to duka biyun sun ci. Ladan kuwa daga cikin rayuwar makaranta aka ciro shi: a maƙala wa 'yan rukunin alamar nasara a riga, a sa tauraro gaban sunan kowannensu a takardar da ke bango, su fara shiga layin abincin rana, sannan rabin awa ta ƙarshen yini a ba su wani aiki na musamman mai daɗi. Rukunin da bai ci ba, a wannan rabin awar aikin aji yake ci gaba da yi. Ba duka, ba zagi, ba a kai kowa ofis. Akwai kuma ladan mako: rukunin da bai wuce zane 20 a mako ba, ana sallamarsa tara minti huɗu kafin lokaci. Minti huɗu kacal, amma a wurin ɗan shekara tara, fita filin wasa kafin kowa ba ƙaramin abu ba ne.

An fara wasan a darasin lissafi kawai, aka bar na karatu yadda yake. Surutu a lissafi ya sauko daga kashi 96 zuwa kusan 19, tashi daga kujera ya sauko daga 82 zuwa kusan 9. A darasin karatu, yara ɗaya, malama ɗaya, ɗaki ɗaya, babu abin da ya canza. Sai aka juya: aka cire wasan daga lissafi aka kai shi karatu. Nan take karatu ya lafa, lissafi kuma aka koma gidan jiya. A ƙarshe aka sa shi a duka biyun, duka suka lafa. A yawancin ranakun da aka lura, kusan kashi 82 cikin 100, rukunonin biyu ne suka ci tare.

Wannan juye-juyen ya tabbatar da cewa wasan ne ya kawo sauyin, ba wani abu dabam ba. Amma ya nuna wani abu da masu tallata dabarar ba su cika son faɗa ba: cikin 'yan makonni yaran ba su zama wasu mutane dabam ba. Sun natsu ne a inda natsuwa take biya. Malamin da ya yi wasan sati biyu ya ajiye, yana jiran tarbiyya ta zauna da kanta, zai ga abin da aka gani a darasin lissafi ranar da aka cire shi.

Yaron da ya ce ba ya yi

Ba a rasa cikas ba. Yara biyu daga cikin waɗanda aka saba kai wa ofis su ne suka riƙa jawo wa rukunoninsu yawancin zanen. Wata rana ɗayansu ya fito fili ya ce shi ya daina wasan, ya shiga saɓa doka da gangan yana tara wa 'yan uwansa zane. Hausawa suna cewa wake ɗaya shi ke ɓata gari, kuma a tsarin da laifin mutum ɗaya yake shafar kowa, wannan shi ne babban haɗari. Malamar da sauran yaran duk sun ga ba adalci ba ne a hukunta rukuni guda saboda mutum ɗaya. Sai aka cire shi, zanensa ya zama nasa shi kaɗai, rashin ladan ma nasa shi kaɗai. A 1973 wasu masana biyu na Jami'ar Kansas, Harris da Sherman, suka maimaita gwajin a aji biyar da aji shida, suka ci karo da irin wannan tirjiya, suka haɗa masu tirjiyar a rukuni na uku nasu na kansu.

Me ya sa yaro zai yi haka? Domin wasan ya ba shi wani iko da bai taɓa samu ba. Da, surutunsa malama kaɗai yake ɓata wa rai. Yanzu da baki ɗaya zai iya hana mutum goma sha biyu fita tara, kowa ya juyo yana roƙonsa ko yana hararsa. Ga yaron da kulawa yake nema ko ta halin ƙaƙa, wannan ganima ce. Cire shi daga rukunin yana ƙwace wannan ikon ne. Amma dole a bar masa ƙofa: a ƙidaya masa nasa zanen da irin ma'aunin kowa, ranar da ya ci a yaba masa a ba shi ladansa, bayan kwana biyu ko uku a mayar da shi cikin 'yan uwansa. Idan aka mayar da rukuni na uku wurin ajiye "marasa ji" na dindindin, an lalata abin da ake ƙoƙarin ginawa.

Inda yabo ya shigo

Wasan na asali laifi yake ƙidayawa, ladan kirki kuma sai ƙarshen yini. Wannan ne rauninsa, kuma bincike na wannan zamanin ya nuna dalili. A 1968 Charles Madsen da Wesley Becker da Don Thomas suka gwada abu uku bi da bi a azuzuwan ƙananan yara. Kafa dokoki da maimaita su kaɗai bai canza wani abin kirki ba. Da aka ƙara da kau da kai daga ƙananan laifuffuka, a wani ajin ma abin ƙaruwa ya yi. Sai da malama ta fara yaba wa masu yin daidai, tana kau da kai daga ƙananan shirme, sannan hali ya gyaru.

A wannan shekarar kuma Thomas da Becker da Armstrong suka yi akasin haka a wani aji mai natsuwa. Suka roƙi malamar ta daina yabo kwata-kwata. Hayaniya ta tashi daga ƙasa da kashi 10 cikin 100 zuwa kusan kashi 25. Da aka ce ta ninka faɗanta sau uku, sai ta haura kashi 30. Yabo ya dawo, aji ya koma daidai. Wato malama da bakinta za ta iya mayar da aji mai kyau ya zama gagararre, ba tare da yaro ko ɗaya ya sauya ba. Wannan sakamako ya kamata ya tsaya wa kowane malami a rai, domin yawancinmu muna ɗaukar faɗa a matsayin aiki, yabo kuma a matsayin alfarma.

Shi ya sa waɗanda suka gyara wasan daga baya suka cusa yabo a tsakiyarsa. Idan yaro ya saɓa doka, malama za ta faɗi dokar da aka saɓa da murya a kwance, ta ja zanen, nan take ta juya ga rukunin da ke yin daidai ta yaba musu. Laifin ya samu daƙiƙa biyu, kirkin ya samu biyar. Wasu kuma suka juya wasan gaba ɗaya: maimakon zanen laifi, maki ake bayarwa. Malami zai saita agogo, duk bayan minti biyu zuwa biyar ya ɗaga kai ya duba, rukunin da kowa yake kan aiki a wannan lokacin ya samu maki da kalmar yabo. Wasu masana biyu, Wright da McCurdy, sun kwatanta salon biyu a 2012, suka ga dukansu suna rage hayaniya. Amfanin agogon na malami ne ba na yara ba: shi yake tilasta masa neman mai yin daidai, abin da ido ba ya yi da kansa idan aji ya ɗau zafi.

Yabon ma ba kowane iri ne yake aiki ba. "Yawwa, madalla" da aka jefa a iska ba ya koya wa kowa komai. Wanda yake aiki shi ne wanda ya ambaci abin da aka yi, ya zo a lokacin da aka yi shi, kuma gaskiya ne: "'Yan layin taga, na ga kowa ya buɗe shafi kafin in gama rubutu a allo, madalla da ku." "Wance, kin ɗaga hannu kin jira har na zo kanki, na gode." Wanda aka yaba wa ya san abin da zai maimaita gobe, na kusa da shi kuma ya ji abin da ake so ba tare da an yi masa tsawa ba. A guji yabon da ke da cizo a wutsiya, irin su "yau dai ka yi hankali, ba irin jiya ba." A kuma rage yaba wa yaro da cewa yana da ƙwaƙwalwa. Claudia Mueller da Carol Dweck sun nuna a 1998 cewa 'yan aji biyar da aka yaba wa basirarsu sun fi saurin gudun aiki mai wuya da karaya bayan sun faɗi, fiye da waɗanda aka yaba wa ƙoƙarinsu. Manyan yara kuma, musamman maza da suka fara jin kansu, sau da yawa yabo a bainar jama'a kunya yake ba su. A matsa kusa a faɗa musu a hankali, ko a rubuta a gefen littafinsu.

Ana yawan cewa a yi yabo huɗu ko biyar kan kowane faɗa ɗaya. Binciken da Paul Caldarella da abokan aikinsa suka fitar a 2020, kan yara 2,536 a azuzuwa 151 na jihohi uku na Amurka, bai gano wani adadi na musamman ba. Abin da ya gano shi ne duk yadda yabo ya ƙara rinjayar faɗa, haka mai da hankalin yara kan aiki yake ƙaruwa. Malamin da yake faɗa goma yabo ɗaya, idan ya kai ɗaya da ɗaya ma zai ga bambanci.

Baltimore, Sudan da Ingila

Gwaji mafi tsawo an yi shi a birnin Baltimore, ƙarƙashin Sheppard Kellam na Jami'ar Johns Hopkins. An fara a shekarar karatu ta 1985 zuwa 1986 da yara 1,196 'yan aji ɗaya, a azuzuwa 41 na makarantu 19. Wasu azuzuwan aka ba su wasan, wasu aka ba su wani shirin inganta karatu, wasu aka bar su yadda aka saba. Malaman wasan sun samu horo na awa 40 da masu zagayowa suna duba su. Sun raba aji gida uku, suna rarraba maza da mata, masu rigima da masu kunya, don kada wani rukuni ya kwashi masu tsiwa duka. Rukunin da bai wuce zane huɗu ba ya ci. An fara da minti 10, sau uku a mako, ana sanarwa kafin a fara, ana ba da lada nan take. A hankali lokacin ya tsawaita har ya kai awanni, aka daina sanarwa, ladan ya koma ƙarshen yini ko ƙarshen mako, ya kuma sauya daga abin hannu zuwa yabo da girmamawa. Shekara biyu aka yi ana haka, aji ɗaya da aji biyu. Wannan janyewa a hankali ita ce amsar matsalar da aka gani a Kansas: idan yaro bai san lokacin da ake ƙidaya ba, natsuwar sai ta bazu zuwa sauran yinin.

Da yaran suka kai shekara 19 zuwa 21 aka neme su. A cikin mazan da suka yi wasan, kashi 19 cikin 100 ne suka faɗa matsalar shaye-shayen ƙwayoyi, a takwarorinsu da ba su yi wasan ba kuwa kashi 38. Masu shan taba a kai a kai kashi 6 ne, a ɗaya ɓangaren kashi 19. Amfanin ya fi yawa ga mazan da tun aji ɗaya aka san su da faɗa da rigima. A 'yan mata bambancin kaɗan ne. Sai dai a rukunin yaran da suka shigo shekara ta gaba, lokacin da aka rage wa malaman bibiya da tallafi, sakamakon ya yi rauni. Malamai ɗaya ne, wasa ɗaya, abin da ya ragu shi ne mai leƙowa aji.

A Afirka, Philip Saigh da Abdul Umar sun gwada shi a wani aji biyu na makarantar ƙauye a Sudan, suka buga sakamakon a 1983. Sun bi tsarin Kansas: rukuni biyu, zane a allo, a sa wasan, a cire, a mayar. Tashi daga wuri, magana ba izini da cin zali duk sun ragu sosai a lokutan wasan. Cikin ladan da suka zaɓa akwai ƙarin lokacin hutu, alamar nasara, allon gwanaye, da takardar yabo ta hukumar makaranta. Da aka tambayi malamar da shugaban makaranta da iyaye da yaran, duk sun yi na'am da shi. Takardar yabon nan abin koyi ce. Gidan da bai taɓa samun saƙo daga makaranta ba sai na kuɗi ko na ƙara, ranar da yaro ya shigo da takarda mai hatimi tana yaba masa, yabon ya ninku kafin a kwanta.

A Ingila labarin ya sha bamban. Masana na Jami'ar Manchester ƙarƙashin Neil Humphrey sun gwada shi a makarantu 77 da yara sama da 3,000, suka fitar da rahoto a 2018. Ba su ga ci gaba a karatu ko a hali ba idan aka ɗauki yaran gaba ɗaya, sai ɗan alamu a wurin mazan da ke da haɗarin kangarewa. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na makarantun da aka ba wasan sun ajiye shi kafin a gama, waɗanda suka ci gaba ma ba su yi shi da yawan da aka tsara ba. Malamai sun koka cewa shirya shi yana cin lokaci, bai dace da kowane darasi ba, kuma salon da aka ba su ya hana su taimaka wa yara da aikinsu yayin da wasan ke gudana. Wannan ƙorafi na ƙarshe yana da nauyi. Duk tsarin da zai mayar da malami ɗan sanda mai tsayawa gefe yana ƙidaya, ya hana shi koyarwa, malami mai hankali zai yar da shi. Kuma ajin da tun asali yana da natsuwa da tsarin lada ba shi da gurbin da sabon wasa zai cike. Ajin Kansas daga kashi 96 ya taso.

Idan za a ɗauko shi

A azuzuwanmu na gwamnati, inda yara 70 ko 80 suke matse a benci, tsarin yana buƙatar gyara kaɗan. Kafin a fara, a roƙi abokin aiki ya zauna a baya kwana uku, minti 10 kowace rana a darasin da ya fi rikicewa, ya ƙidaya sau nawa aka saɓa, ya kuma ƙidaya yabon malami da faɗansa. Daga wannan adadi ake yanke iyaka. Idan layi ɗaya yana saɓawa sau 15 a minti 10, iyakar huɗu ta Baltimore zalunci ce, babu wanda zai ci, kuma yaran da ba su taɓa ɗanɗana nasara ba ba za su yi mata wahala ba. A fara da takwas ko goma, su ci a ranar farko, a riƙa ragewa mako-mako.

Rukuni su zama layukan benci, huɗu ko biyar, don ido ya iya ɗaukar su a kallo ɗaya, amma a sake wa masu rigima wurin zama a rarraba su. Dokoki kada su wuce uku ko huɗu, a rubuta abin da ake so a yi: muna ɗaga hannu, muna zama a wurinmu, muna aiki shiru. "Ku zama masu ladabi" ba doka ba ce, domin ba a iya ƙidaya ta. A aji mai yawa salon ba da maki ya fi sauƙi, tunda malami ɗaya ba zai iya ganin kowane laifi cikin yara 80 ba, kuma duk laifin da ya tsallake, wani layin zai ce an yi son kai. A sa agogon waya ta riƙa motsi a aljihu duk minti uku, a ɗaga kai, a duba layi-layi, a yaba, a rubuta maki. Lada kuma kyauta: fara fita tara, tafi na musamman, zaɓen wasan minti biyar na ƙarshe, riƙe ƙwallo, takardar yabo zuwa gida ranar Juma'a. Alewa da biskit suna aiki, amma albashin malami ba zai ɗauke su zango guda ba, kuma ranar da suka yanke wasan ya mutu.

Kada a miƙa ƙidayar ga monita. Rubuta sunayen masu surutu da aka saba yi ya riga ya koya wa yara cewa takardar monita hanyar bulala ce da ramuwar gayya. Kada kuma a haɗa wasan da hukunci. Rukunin da bai ci ba ya rasa lada, shi ke nan. Idan aka ƙara musu da tsallen kwaɗo ko kamun kunne, yaron da ya jawo musu zai gamu da su a hanyar gida. Tun ranar farko a sanar cewa harara ko zagin ɗan rukuni saboda ya jawo zane shi ma saɓa doka ne. Makin da aka riga aka bayar ba a goge shi don fushi, ladan da aka yi alkawari ba a ɗage shi zuwa gobe. Rukunin da ya riga ya wuce iyaka tun tsakiyar wasa yakan saki jiki tunda ba shi da abin rasawa. Maganinsa gajerun zagaye biyu na minti 10, kowanne da sabon lissafi, maimakon dogo guda ɗaya.

Yaron da bai iya aikin da aka ba shi ba, babu makin da zai zaunar da shi minti 20. Idan yaro ɗaya ne kullum yake jawo zane a darasi ɗaya, a duba littafinsa kafin a duba halinsa, a kuma duba ko yana ganin allo, yana jin magana daga inda yake zaune. Harris da Sherman ma sun lura cewa raguwar hayaniya ba ta kawo wani babban ci gaba a sakamakon aikin yaran ba. Shiru dama ce ta koyarwa, sai an cike ta da darasi mai kyau.

Shugaban makaranta kuma yana da nasa aikin, tunda a Baltimore daga wajen bibiya aka samu giɓi. A manna takarda ɗaya a bayan rajistar aji: rana, darasi, minti nawa aka yi, makin kowane layi, ladan da aka bayar. Duk mako biyu shugaban makaranta ko wani babban malami ya shiga ya zauna minti 10, ya ƙidaya yabo da faɗa kamar yadda aka yi kafin a fara, bayan an tashi ya nuna wa malamin adadin su biyu kawai, ya fara da gaya masa abin da ya gani ya yi daidai.